DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: TARIHIN TSOFAFFIN KWAMFUTOCIN TEBUR A BIRNIN SAKKWATO

Gabatarwa

Na san mai karatu zai yi mamaki, ya ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da tsohuwar kwamfuta, balle har ya zauna yana rubuta tarihinta. Ni ma da an yi mini wannan tambaya shekara biyu da suka wuce, da na ce ai babu abin da ya haɗa kifi da kaska. To, amma wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na sake tunani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kwamfutar tebur tun daga inda aka ƙirƙiro ta har zuwa shigowarta birnin Sakkwato, ta dubi yadda ake sayen tsohuwarta da yadda ake tayar da ita, sannan ta auna darajarta, musamman a gare mu masu nazarin harshe da adabin Hausa.

Mafarin magana

Kakana na wajen uwa malamin zaure ne a wani ƙauye da ke bakin fadama, arewa da birni. Yakan rubuta waƙoƙin wa'azi da na ta'aziyya da ajami, ya adana su cikin gafaka. A ƙarshen shekarun 1990 ɗansa, wato kawuna, ya buɗe ɗan shagon buga takardu a cikin gari. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya ɗauko waƙoƙin nan, ya juya su zuwa boko, ya buga su cikin kwamfutar shagon, da nufin wata rana ya fitar da su littafi. Allah bai nufa ba. Kakana ya rasu, aka mayar da gafakar ƙauye. Da ambaliyar watan Satumba na 2010 ta zo, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin jami'armu na dindindin, sai ta rusa ɗakin da gafakar take, ko warƙa ɗaya ba a tsira da ita ba. Daga baya kawu shi ma ya riga mu gidan gaskiya, aka rufe shago, aka jibge kayan cikinsa a wani ɗaki.

Bara waccan, da za a yi bikin ɗiyarsa, aka share ɗakin, yara suka kira mai gwangwan suka sayar masa da duk ƙarafan da ke ciki. Bayan kwana biyu, muna hira da dare, sai Inna ta ce, "Allah Sarki, waƙoƙin Baba suna cikin akwatin nan da Yaya ke aiki da shi." Nan take hantar cikina ta kaɗa. Gari na wayewa na shiga bin wuraren 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya. Sai a rana ta uku na tarar da ita a gindin wani tulin ƙarafa, an riga an fasa allon kallonta don a cire jan ƙarfe, amma akwatin yana nan da ƙusoshinsa, ga kuma wata leda cike da ƙananan fayafai. Mai wurin ya dube ni ya ce, "Malam, mi za ka yi da wanga ƙarhe? Ko wuta ba ya kamawa." Ya ɗora shi bisa sikeli, ya faɗi kuɗinsa, na biya ninkin abin da ya saya ban yi ciniki ba.

Kafin in faɗi abin da na tarar a ciki, ya kamata mu koma baya mu ga daga ina wannan akwati ya fito.

Asalin kwamfutar tebur

Kwamfutocin farko manyan injuna ne masu cika ɗaki, sai gwamnati da jami'o'i da manyan kamfanoni ke iya mallakarsu. Irin waɗannan ne suka fara zuwa Nijeriya. Alal misali, a 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan. A wancan zamani ɗalibi ba ya zama gaban injin. Huda kati yake yi, ya miƙa wa ma'aikaci, ya dawo daga baya ya karɓi amsa.

A tsakiyar shekarun 1970 ne aka sami dabarar ƙera 'yar ƙarama wadda za ta zauna bisa tebur. A 1976 wasu samari biyu a Amurka, Steve Wozniak da Steve Jobs, suka haɗa wadda ake kira Apple I, suka ƙera kimanin guda 200, ana sayar da kowace dala 666.66. A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fito da tasa, wadda mafi arharta dala 1,565 ce, ƙwaƙwalwarta kuwa ba ta iya riƙe fiye da haruffa dubu 16 a lokaci guda, wato ko wannan maƙala da kyar ta ɗauke ta. A 1982 aka fito da Commodore 64 wadda aka sayar da miliyoyinta, a 1984 kuma Macintosh ta bayyana. Amma ta IBM ɗin nan ita ce uwar waɗanda muka sani, domin wasu kamfanoni, irin su Compaq, sun kwaikwayi ƙirarta suka cika duniya da ita. Ta kawuna ma Compaq ce, mai ƙwaƙwalwar Pentium II da aka fara fitarwa a 1997.

Shigowarta ƙasarmu

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sake mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Duk wanda ya leƙa ɗakin karatu ya buɗe kundayen ɗaliban farko zai ga da keken rubutu aka buga su. Mujallu irin wannan kuwa bisa sitensil ake buga su, a gurza a inji. Galibin kekunan nan ba su da haruffa masu lanƙwasa, saboda haka bayan an gama bugu sai mutum ya bi da biro yana yi wa kowane ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya da hannu.

A 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilmi, gwamnatin tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da kwalejojin gwamnatin tarayya. Duk da haka talaka bai san ta ba sai a shekarun 1990, kuma ba a aji ya san ta ba, a shagon buga takardu ne, wanda ake kira bizines santa. Shago ɗaya, kwamfuta ɗaya ko biyu, da firinta, da injin hoton takarda, da janareta a bakin ƙofa. Nan ɗalibi ke kai kundinsa, mai biki ya kai katin gayyata, ɗan kwangila ya kai takardar neman aiki, mawaƙi ya kai waƙarsa, ƙungiyar unguwa ta kai tsarin mulkinta. A Kano irin waɗannan shaguna sun taimaka ƙwarai wajen bunƙasa littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano, don marubuci ya sami hanyar shirya littafinsa ba tare da ya jira kamfanin ɗab'i ba. Mai shago kuwa yakan bar kwafen kowane aiki a cikin injinsa, ko mai shi zai dawo neman gyara. Ta haka, ba tare da kowa ya shirya ba, kwamfutocin shagunan nan suka zama rumbun rubuce-rubucen gari.

Zamanin gwanjo

Yawancin waɗannan injuna ba sababbi aka sayo su ba. Ofisoshin Turai da Amurka ne ke sauya nasu, a loda tsofaffin a jirgin ruwa zuwa Legas, a baje su a kasuwar Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan 'yan kasuwa su yo Arewa da su, wasu ta Kano, wasu kai tsaye. Su ne ake kira Beljiyam. An yi ƙoƙarin haɗa na gida, kamar Omatek ta Florence Seriki, da Zinox wadda Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar a 2001, amma arhar gwanjo ta sa ita ce ta fi yawa a hannun jama'a.

Wannan arha tana da nata sharrin. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas a kowane wata, kuma abin da ba ya gyaruwa a cikinsu yakan kai kashi 75 cikin 100. Wato dai da sunan ciniki aka mayar da mu juji. Daga baya kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi arha, wayar salula ta GSM kuma, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001, ta zama ita ma kwamfuta ce a aljihu. Sai aka ture manyan akwatunan nan masu launin ƙasa zuwa lungu, daga lungu sai baron mai gwangwan.

Yadda muka tayar da ita

Rashin sani ya fi dare duhu. Da na kawo akwatin gida, niyyata in jona shi da wuta in gani. Allah ya taimake ni na fara kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya yi aikin kwamfuta a zamaninta. Da na faɗa masa niyyata sai ya riƙe baki ya ce, "Ɗana, wanda ya daɗe yana jinya ba a fara ba shi tuwo." Ga abin da na koya a wurinsa cikin mako uku, ko zai amfani wani.

Na farko, ba a kunna tsohuwar kwamfuta sai an buɗe ta an duba. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru takan toshe fanka, ɓeraye kan ci wayoyi, zafin bazara kuwa, wanda a Sakkwato yake wuce awo 40, yakan busar da ƙananan tulunan da ke riƙe wuta har su kumbura. Da buroshi mai laushi da iska ake share ta, ba da ruwa ba.

Na biyu, a dubi bayan akwatin wuta. Da yawa suna da wani ɗan maɓalli ja mai lamba 115 da 230. Wadda ta zo daga Amurka, in aka bar ta a 115 aka jona da wutarmu, nan take za ta ƙone.

Na uku, akwai ɗan batir a kan babban falankin ciki, shi ke riƙe kwanan wata. A irin ta kawuna kamar kwabo yake, sauya shi kawai ake yi. Amma a waɗanda suka girme ta, masu lamba 386 da 486, yakan zama kamar 'yar ganga, in ya tsufa sai ya tsiyayar da ruwa mai cin hanyoyin wuta. Duk wanda ya sami irin wannan ya cire batirin tun kafin ya yi ɓarna.

Na huɗu, kada wanda bai iya ba ya buɗe allon kallo mai ƙusumbi. Yana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an kashe shi, gilashinsa kuma yana da dalma.

Na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci: a fara ceton abin da ke ciki kafin a nemi gyaran injin. Dattijon ya kwance rumbun ajiyar, wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya jona shi da sabuwar kwamfuta ta wata waya ta musamman. Ya ce tsohon rumbu yana iya juyawa yau, gobe ya ƙi har abada, don haka duk abin da ke ciki a kwafe shi a zama ɗaya. Muka yi shiru muna sauraro. Ya yi ƙara kamar ana niƙa, ya tsaya, ya sake ɗauka, sai ga sunayen takardu sun jeru.

Abin da na tarar

Akwai wata ma'ajiya da kawu ya sa wa suna Baba. A cikinta na sami waƙoƙi 31. Inna ta ce sun fi haka yawa, kuma ina zaton sauran suna cikin fayafan nan na leda. Fayafai 40 ne, amma 11 kaɗai suka buɗe, sauran zafi da ƙura da laima sun cinye su. Irin wannan faifai, mai faɗin inci uku da rabi, maganaɗisu ne ke riƙe rubutun da ke kansa, shi kuwa yana sacewa a hankali ko ba a taɓa shi ba.

Murnata ba ta daɗe ba, don da na buɗe waƙar farko sai na ga rubutu kamar na aljanu. Inda ya kamata a ga ƙasa sai a ga qasa, ɗaya ta koma xaya, ɓata ta koma vata. A wasu takardun ma baka-baka ne da alamomi a madadin haruffa. Wani malaminmu ne ya warware mini. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko, da su aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma kwamfutocin da suka zo mana ba su san su ba. Ko da yake tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba su gurbi, an daɗe kafin ya iso teburin mai buga takardu. Saboda haka masana suka yi dabara, suka zana nasu haruffan. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro waɗanda ake kira Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wani baƙi ko wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana mai lanƙwasa a wurin. In an kai takardar injin da ba shi da zanen, sai aron ya tonu. Da muka gama gyaran ta kawu muka kunna ta, sai ga waƙoƙin sun fito da ƙugiyoyinsu cif, kamar jiya aka buga su. Ashe injin da kansa shi ne mabuɗin karatun abin da ke cikinsa.

Ban da waƙoƙin, na tarar da kundayen ɗalibai, da wani wasan kwaikwayo da ban san marubucinsa ba, da tarihin wata unguwa da wani dattijo ya bayar aka buga. Akwai kuma wasiƙun mutane da takardun rabon gado. Waɗannan ban karanta su ba, don amana ce aka ba kawu, mutuwarsa kuwa ba ta warware ta ba. Wannan wajibi ne a kan duk mai sayen tsohuwar kwamfuta: ƙarfen ya saya, ba asirin mutane ba.

Ina darajarta take?

Tun daga lokacin na shiga tara su, yanzu ina da huɗu. Abokaina suna yi mini ba'a, wai na zama ɗan jari-bola mai digiri. Na lura sikeli uku ake auna tsohuwar kwamfuta da su.

Na farko shi ne na mai gwangwan. Shi nauyi yake saye: ƙarfen akwati, da jan ƙarfen wayoyi, da koren falanki wanda ake ware shi daban saboda ɗan zinariyar da aka shafa a haƙoransa. Ba na ganin laifinsa, abincinsa yake nema, sai dai ƙona wayoyi da ake yi don a fitar da jan ƙarfe yana cutar da ƙirjinsa da na maƙwabta.

Na biyu shi ne na masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje. A watan Oktoba na 2014 aka yi gwanjon wata Apple I a birnin New York, gidan tarihi na Henry Ford ya saye ta dala 905,000. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Abin da ya ba ta tsada shi ne ƙarancinta, da kasancewarta ta farko, da kuma cewa tana aiki. Masu wannan sha'awa suna duba ko injin yana da kayansa na asali, da littafinsa, da fayafansa, da sanin hannun da ya fito. Irin namu na Beljiyam an ƙera miliyoyinsu, don haka wanda ya tara su da fatan yin kuɗi zai sha jira.

Na uku shi ne namu, kuma a nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Sakkwato gari ne da ya san darajar takarda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ga shi har yau ana karanta shi. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun iso gare mu saboda an sami masu kwafa da masu adanawa, irin su marigayi Waziri Junaidu, wanda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take ɗauke da sunansa. Takarda da tawada, in sun tsira daga ruwa da gara da gobara, suna shekara 200 ido na karanta su ba tare da wani inji ba. Faifan kwamfuta kuwa bai cika shekara 30 ba ya riga ya fara mutuwa, wanda ya rayu ma sai an sami injin da zai karanta shi. Abin tsoro shi ne jikokinmu su san abin da aka rubuta a Sakkwato a 1812, amma su rasa abin da aka rubuta a 1999.

Kammalawa

Ba cewa nake yi kowane tsohon akwati taska ba ne. Da yawa babu komai a cikinsu sai rasit da katin biki, ko da yake mai nazarin al'ada zai ce katin biki ma tarihi ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk wanda ke da irin wannan inji a gida, ko a shago, ko a ofis, kada ya miƙa shi ga sikeli sai an kwashe abin da ke ciki. Abin da aka kwashe a juya shi zuwa haruffan zamani, a ajiye shi wuri fiye da ɗaya, mai muhimmanci kuma a buga shi a takarda. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawara ta nemi ɗan lungu a sashe, a ajiye inji ɗaya ko biyu masu aiki, da na'urar karanta faifai, da tsofaffin haruffan Hausa, domin malamai da tsofaffin ɗalibai masu fayafai a cikin durowa su sami inda za su kawo su. Dattawan da suka san gyaran waɗannan injuna suna nan a cikin gari, amma ba za su dawwama ba.

Waƙoƙin kakana 31 yanzu an buga su a takarda, na kuma sa an mayar da kwafe ɗaya zuwa ajami, an ɗinka masa sabuwar gafaka. Ranar da na karanta wa Inna ta ta'aziyyar da ya yi wa mahaifiyarta, tun ban kai ƙarshen baiti ba take ƙarasa mini. Sauran fayafai 29 da suka ƙi buɗewa suna nan na ajiye su a inuwa, ko Allah zai kawo wanda ya fi mu sani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin.